Wa Ke Rubuta Abin Da Ke Bayan Wayoyinmu?



Yau za mu ɗan ajiye zancen jigo da salo da zubi da tsari, mu yi maganar rigar waya. E, wannan robar da ake sa wa waya don kada ta fashe in ta faɗi. Mun san wani zai ce me ya haɗa kifi da kaska. A yi haƙuri a bi mu a sannu.

Duk wanda ya tsaya a bakin titin Kano zuwa Katsina a cikin garin Kankia, ko wajen masu shayi a Gidan Mutum Ɗaya, ko rumfar mai cajin waya a Kusada, ya lura da abin da ke hannun mutane, zai ga abu iri ɗaya. Bayan wayoyin nan cike yake da tambarin Real Madrid da Barcelona da Arsenal, da furanni, da 'yan tsana, da guntayen Turanci da aka bugo daga ƙasar Sin, wani Turancin ma ko mai shi bai san abin da yake nufi ba. Hausa kuwa sai an tona. Inda aka same ta, ko dai sunan mai wayar ne, ko hoton ɗan takara da takensa, ko wata kalma guda da aka gutsure wa ƙugiya.

Mai waya fuskarta yake kallo, sauran jama'a kuma bayanta suke kallo. A mota, a majalisa, a wajen biki, a layin asibiti, duk lokacin da ya ɗaga ta ya kara a kunne, ya ɗaga wa mutane allo ke nan. Mu da kullum muke kukan babu maɗaba'a, takarda ta yi tsada, matasa ba sa sayen littafi, mun bar wannan allon ga wani ma'aikaci a Shenzhen wanda bai taɓa jin sunan Kankia ba. Ra'ayinmu shi ne marubucin Hausa ya kamata ya karɓi wannan ɗan shafin. Amma ba zai iya karɓarsa ba sai ya san yadda ake buga shi, domin injin da zai buga maganar yana da ta cewa a kan abin da zai fito da abin da zai ɓace.

Wannan ba baƙon abu ba ne a tarihinmu. Abubakar Imam yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina ya shiga gasar 1933 wadda ta fito da Ruwan Bagaja, daga baya a 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya. Edita kuwa dole ya san yawan kalmomin da shafi zai ɗauka, in magana ta yi tsawo ya datse ta. Haka marubutan da suka tashi a Kano daga tsakiyar shekarun 1980, irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da Bala Anas Babinlata, da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa daga nan jiharmu, ba su zauna jiran wani babban kamfani ba. Da ƙananan maɗaba'u aka yi aikin, marubuci ya san kuɗin takarda, ya san abin da bango mai launi zai ci, ya san inda zai yanke labari ya ce a tara a littafi na biyu. Can gefe kuma ga masu fenti da suka shekara suna rubuta hikima a jikin manyan motoci, yau ta koma bayan Keke Napep. Ba a san sunayensu ba, amma an karanta su fiye da da yawa daga cikinmu.

To, yaya ake buga rigar waya?

Hanya mafi sauƙi ba ta ma bukatar inji na musamman. A sayi riga mai garai-garai, a je shagon kwamfuta a buga zanen a takardar hoto, a yanke ta daidai da bayan wayar, a huda gurbin kyamara, a sa ta tsakanin wayar da rigar. Shi ke nan. Aibinta gumi da ruwa suna ɓata takardar, ita kuma robar bayan 'yan watanni sai ta koma ruwan ɗorawa saboda hasken rana. Amma ga marubuci tana da wani amfani da sauran ba su da shi: kana iya sauya magana kowane mako, ka ga wadda ta sa mutane dariya ko tambaya, da wadda aka wuce ba a kula ba. Mu a wajenmu nan ne ya kamata kowa ya fara.

Sai sitika ta yankan inji. Injin yana da 'yar wuƙa da ke bin zanen tana yanka ledar, sannan mutum ya zauna da tsinke yana cire abin da ba a so, ya bar haruffan. A riƙe wannan a rai, za mu dawo kansa, domin a wajen wannan tsince-tsincen ne ƙugiyar harafi ke yawan tafiya.

Hanyar da ta fi yaɗuwa wajen masu buga kofuna da riguna da kyaututtukan biki ita ce wadda masu sana'ar ke kira sablimeshan, mu ce bugun tururi. Ana buga zanen da wata tawada ta musamman a kan takarda ta musamman, a kifa takardar a kan abin da za a yi wa ado, a danne da injin zafi mai kama da ƙaton dutsen guga. Zafin yakan kai digiri 180 zuwa 200 a ma'aunin Salshiyas. A wannan zafin tawadar ba ta narkewa ta zama ruwa, tashi take yi ta zama tururi ta shige cikin wani shafe na roba da ke saman abin, in ya huce ta daskare a ciki. Shi ya sa in ka shafa ba ka jin tudun komai, kuma ba ya ɓamɓarewa. A rigar waya iri biyu ake yi. Akwai mai ɗan farantin alminiyam fari, a gasa zanen a kansa kamar minti guda, sannan a manna shi a bayan rigar. Akwai kuma wadda zanen ke zagayowa har gefe-gefe, ita sai an sa rigar a kan wani ƙarfe mai siffar wayar, a saka a injin da ke zuƙe iska yana gasawa na wasu mintoci.

Abu uku ne a wannan hanyar suka shafi mai rubutu kai-tsaye. Na farko, babu farar tawada. Duk farin da ka gani a zanen, farin farantin ne da aka bari ba a taɓa ba. Don haka ba a yin bugun tururi a kan baƙar riga, kuma in ka ce kana son farin rubutu a kan baƙin fili, abin da ke faruwa shi ne baƙar tawada ce ke kewaye haruffanka ta ko'ina. Tururi kuwa yakan ɗan nasa. In harafin siriri ne sai ta cinye shi daga gefe, abin da ya fi siranta ya riga ɓacewa. Na biyu, a juye ake buga zanen a takarda, kamar yadda rubutu ke fitowa a madubi, don in an kifa ya miƙe. Mai aikin da ya manta ya juya, sai a karanta maganarka daga ƙarshe zuwa farko, kuma babu gyara, farantin ya tafi. Na uku, launin da ke kan gilashin waya haske ne, na kan riga kuwa tawada ce, ba za su taɓa zama ɗaya sak ba. Shuɗi da kore masu ƙyalli da ke burge mu a waya sukan fito a dushe.

Ga wanda ke tunanin buɗe wannan sana'a a Kankia ko Kusada, akwai abin da masu tallar injina ba sa saurin faɗi. Injin zafin nan yakan ja wuta fiye da wat 1,000, ƙaramin janareta ba ya ɗaukarsa, in kuma wuta ta ɗauke ana tsakiyar gashi launin zai fito rabi da rabi. Firintar da ake amfani da ita, galibi Epson, in ta kwana biyu ba a buga komai ba sai tawada ta bushe a bakinta, ga kuma ƙurar hunturu. Amma babbar matsalar ita ce rigunan kansu. Tecno da Infinix da itel, waɗanda duk kamfanin Transsion na ƙasar Sin ke yi, su ne suka cika hannun mutanenmu, kuma ba sa daɗewa ba su fito da sabon samfuri ba. Kowane samfuri da girmansa da inda ramin kyamararsa yake. Wanda ya je Farm Centre a Kano ya lodo rigunan samfuri guda da yawa, kafin ya sayar da rabi an daina yayin wayar, sauran sun zama kayan ajiya. A birni mai miliyoyin mutane ana iya jure wannan. A garin da masu saye ba su da yawa, shi ke karya jari.

Sama da wannan akwai injin UV, wanda yake fesa tawada kai-tsaye a kan rigar, wata fitila tana biye da shi tana busar da ita nan take. Shi yana da farar tawada, don haka yana bugawa a kan baƙar riga da mai garai-garai, har ma yakan maimaita feshi a wuri guda rubutun ya yi tudu ka ji shi da yatsa. Haruffa suna fita tsaf, sirara da kaurara. Sai dai kuɗinsa miliyoyin naira ne, kuma farar tawadar nan tana da nauyi, kwanciya take yi ta toshe hanya in ba a motsa injin kullum. Inji ne da ke son aiki ba dare ba rana. Ba mu ga dalilin da zai sa matashi a Kusada ya sa a sayar da gona ko shanun gida don shi ba, alhali aikin da zai samu a mako bai kai abin da injin ke bukata a yini ba.

Abin da ya sauya lissafin a 'yan shekarun nan shi ne sitikar da ake kira UV DTF. Injin UV ɗin ne ke buga zanen a kan wata leda mai gam, a rufe da wata ledar. Kai da ka karɓa sai ka yanko naka, ka ɓare, ka manna a kan kowace riga mai tauri, ka murza da yatsa, ka cire ledar sama, rubutun ya zauna. Babu zafi, babu wuta, babu ruwanka da samfurin waya. Masu injin suna manyan birane irin su Kano da Kaduna da Legas, kai kuma kana iya cusa zane talatin ko arba'in a falle guda, ka tura ta waya, a ba direba saƙo ya sauke maka a tasha. Ba ta kai bugun tururi daɗewa ba, gefenta yakan fara ɗagowa in aljihu ya yi ta gogarta, kuma ba ta son roba mai laushi sosai. Duk da haka, ga mai ƙaramin jari a garuruwanmu, mu ita muka fi gani da hankali. Bugun siliki kuwa, wanda kowane launi sai an yi masa nasa rariya, na masu buga ɗaruruwa ne iri ɗaya, kamar lokacin siyasa.

Yanzu mu zo kan abin da ya fi ci mana rai, wato ƙugiya.

Tun shekarun 1930 aka daidaita rubutun boko a kan ɓ da ɗ da ƙ, kuma tun farkon shekarun 1990 waɗannan haruffa suke cikin Unicode, tsarin da kwamfutoci da wayoyin duniya ke amfani da shi wajen gane haruffa. Allon rubutu na Gboard yana da Hausa, kyauta. Wato uzurin cewa inji ba ya iyawa ya daɗe da ƙarewa. Abin da ke faruwa a shagon bugu daban ne. Mai zanen yana buɗe CorelDRAW, ya zaɓi salon haruffa mai ƙawa, irin mai lanƙwashe-lanƙwashen nan na katin biki. Yawancin waɗannan an zana su ne don Turanci kawai, babu ƙ a cikinsu. Sai kwamfutar ta sa ɗan akwati a gurbin harafin, ko ta aro shi daga wani salon ya fito bare a tsakiyar kalma kamar haƙorin Makka. Mai zanen yana sauri, ga layi, sai ya goge ya sa k, ya ce ai za a gane.

Wani lokaci a gane, wani lokaci kuwa a sha kunya. Baƙi da baki ba ɗaya ba ne. Ƙafa daban, kafa daban. Wanda ya sa a rubuta masa "Ina son ƙasata" aka cire ƙugiyar, ya koma mai son macijiyar nan kasa. Ɗaura in ta rasa ƙugiya ta zama garin Daura. Mafi muni, ƙarya da karya: ka yi niyyar cewa ba ka son ƙarya, a buga maka zancen macen kare a bayan wayar da za ka riƙa ɗagawa gaban surukai. A littafi, jimlolin da ke kewaye suna taimaka wa mai karatu ya gyara da kansa. A rigar waya kalma huɗu ce ko biyar, babu maƙwabcin da zai cece ta.

Raba kalma ma haka. Saurayi ya sa a rubuta "Ba ta da tamka", aka haɗe aka buga "Bata da tamka". Tunda an saba ganin ana zubar da ƙugiya, mai karatu yana da damar ya karanta ɓata. Haka "na gode" da ake haɗewa, da "a kan" da "akan", da "ba ni" da "bani". Mun san a hirar WhatsApp kowa yana yin yadda ya ga dama. Amma abin da aka gasa a digiri 200 ba a goge shi, kuma yaro ɗan firamare da ke kallon wayar yayansa daga nan yake koyon yadda ake rubuta harshensa, ko mun so ko mun ƙi.

Maganin ba shi da wuya, shi ya sa abin ke da ciwo. Akwai salon haruffa na kyauta masu ɗauke da duk haruffanmu, manya da ƙanana, irin su Noto na Google, da Andika da Charis na cibiyar SIL. In an gama zanen, a sa mai kwamfutar ya mayar da rubutun zane, wato ya daina zama haruffan da wata kwamfuta za ta iya musanyawa. A tura shi a matsayin fayil, PDF ya fi, kada a tura shi kamar hoton hira, domin WhatsApp yana matse hoto ya rage masa kyau. Bayan waya bai wuce kamar santimita 16 a tsaye da 7 da rabi a kwance ba, kuma don ya fita tas ana son ɗigo 300 a kowane inci, wato hoto mai kimanin ɗigo 1,900 a tsaye da 900 a kwance. In sitikar yanka ce ko farin rubutu a kan duhu, a zaɓi haruffa masu kauri, don ƙugiyar ta samu jikin da za ta tsira da shi. Wanda zai yi wa 'yan'uwanmu na Maraɗi ko Damagaram aiki kuma ya tuna su ƴ suke rubutawa inda mu muke sa 'y.

Duk wannan aikin hannu ne. Aikin kai shi ne me za a rubuta.

Kyamara ta cinye kusurwar sama, tafin hannu yana rufe ƙasa, abin da ya rage ɗan fili ne a tsakiya. Mai karatunka yana nesa da taku biyu ko uku, kuma daƙiƙa biyu gare shi kafin a sauke wayar. Kalma uku zuwa bakwai, in ta wuce haka an shiga wa'azi. Mu da muka saba buɗe labari da shafi biyu na kwatanta gashin tauraruwa da motar da ta zo da ita, wannan horo ne mai kyau. Harshenmu kuwa ya daɗe da sanin gajeriyar magana mai nauyi: karin magana, kirari, take, zambo, habaici. Ba sai mun kwafo na da ba, sababbi za mu ƙera a kan rayuwar yau. Manomin da ya sayar da waken suya ya sayi waya zai so "Noma na yi na saye ta." Mai gudun 'yan aro zai so "Ba ta da caji, kar ka tambaya." Ɗalibar makarantar koyon aikin lafiya ta Kankia za ta yi murmushi da "Allura ba gaba ba ce." Wata kuma "Ɗiyar Kusada ce, a bi a hankali." Ba mu ce waɗannan sun yi fice ba, da yawanku za su fi mu. Abin lura shi ne kowace tana da mai ita, an san wanda zai ɗaga ta da wanda zai karanta. Wannan ne abin da ma'aikacin Shenzhen ba zai taɓa iya yi ba.

A gabashin Afirka, a Tanzaniya da Kenya, akwai zanen mata da ake kira kanga, wanda ake buga gajeriyar magana da Swahili a gefensa. Mace takan zaɓi zane saboda maganar da ke jiki kafin ta dubi adonsa, ta ɗaura don kishiya ko maƙwabciya ta karanta, ko ta kai wa amarya gudummawa. Mu ma nan atamfofi da kwanuka suna da sunayen da mata suka raɗa musu, sai dai ba a rubuta su a jiki. Kasuwar magana tana nan, ba a dai buɗe mata rumfa ba ne.

Za a ce wannan ba adabi ba ne, talla ce. Ba mu ce kowa ya ajiye littafinsa ba. Amma wanda ya kasa riƙe mutum da kalma biyar, da wuya ya riƙe shi da dubu hamsin, kuma ba mu ga abin da ya rage wa mai waƙa daraja don ya yi wa wani take ba.

Za a ce kuma babu kuɗi a ciki, kuma duk maganar da ta yi daɗi cikin mako guda za a kwafe ta. Wannan gaskiya ce, kada mu ruɗi kanmu. Nijeriya tana da sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, amma babu wanda zai je kotu a kan kalma biyar, kuma gajeriyar magana tana da wuyar karewa ko a ina. Abin da zai yi aiki shi ne yarjejeniya tun farko da mai shagon: ko ya sayi zanen gaba ɗaya, ko a yanka wani abu a kan kowace riga da aka sayar, a rubuta a takarda ko da a gaban shaida guda ne. A sa ɗan sunan alƙalami a ƙasan zanen, ƙarami, yadda in an kwafa ma an yi maka talla. Waɗanda ke sakin littattafansu a WhatsApp da Wattpad da ArewaBooks sun fi kowa dama a nan, domin suna da masu karatu da suka riga suka ƙaunaci taurarin labarin. Mai karatun da ta biya kuɗi don ta shiga zauren littafinki, ba abin mamaki ba ne ta sayi riga mai sunan littafin. Ga kuma bukukuwa, inda ake buga sunan ango da amarya a kalanda da littafin rubutu da jaka, da ɗaliban da ke kammala karatu suna son abin tunawa. Kuɗin ba zai gina gida ba. Zai iya sayen data da biyan mai gyaran rubutu, wanda yawancinmu a yanzu daga aljihu muke yi.

Sai dai in muna ƙorafin a kwafe mu, mu ma mu tsare hannunmu. Baitin mawaƙi nasa ne, hoton jarumar fim nata ne, ba don suna yawo a intanet sun zama na kowa ba. Wanda ya fi wannan hatsari shi ne hoton 'yar mutane. Saurayi ya ciro hoton yarinya daga Facebook ko daga wayar ƙanwarsa, ya kai a buga masa a bayan waya, ita ba ta sani ba. A Legas wataƙila ya wuce ba a lura ba. A Kusada ko Rimaye ko Kafin Soli, inda kowa ya san gidan kowa, wannan rigar tana iya kashe baiko, ta haɗa gida biyu faɗa, kuma yarinyar ce za ta ɗauki kunyar da ba ita ta jawo ba. Duk marubucin da ya shiga wannan harka, in aka kawo masa irin wannan aikin ya tambaya, in bai gamsu ba ya ƙi. Habaici ma a san iyakarsa. Wanda ya dace da kowa daban, wanda duk unguwa ta san da wa ake daban.

Haka batun ayoyi da sunayen Allah. Mutane suna so, kuma da kyakkyawar niyya. Amma waya tana shiga banɗaki, tana faɗuwa ƙasa, rigar kuma in ta tsufa bola ake jefa ta. Hukuncin na malamai ne, a tambaye su. Mu dai ta fuskar sana'a mun san cewa manhajar da ba a saita ta don rubutun dama zuwa hagu ba takan rarraba haruffan Larabci da na ajami, ta jera su a juye, mai shagon da bai iya karantawa ba kuma ba zai lura ba. Wanda zai buga ajami, ya sa wanda ya iya ya duba kafin a gasa.

Kafin ka ba kowane shago aiki mai yawa, ga gwajin da ba zai ci maka fiye da kuɗin falle guda ba. Ka sa a buga maka ƙuruciya da ɓarawo da ɗanɗano da 'ya'ya, da ƙananan haruffa da manya, a salon da aka zaɓa, a daidai girman da za su fito a rigar, a takarda kawai. Ka manna ta a bango ka ja da baya taku uku. In ba ka ga ƙugiya daga nan ba, a sauya salon ko a ƙara kauri, sannan a taɓa faranti.

Wanda ya gwada ta takarda a wannan makon, ya ɗauko hoton bayan wayar ya sa mana a ƙasa, tare da abin da mutum na farko da ya karanta ya ce.